Ta Bakwai a Tukunyar Kafinta

Ni na rubuta sunan Gwaggo a ƙarƙashin na Kafinta, da hannuna, da shuɗin biro. Gara in faɗi wannan tun yanzu, kada in shiga zagin mutane a ɗauka ni wankakkiya ce.

Lokacin annoba ne, da aka kulle gari aka rufe makarantu. Aka kwashi irinmu malaman da ke zaune ba aiki, aka ba mu takunkumi da tarin takardu, aka ce mu bi gida-gida mu rubuta masu bukatar tallafin abinci. Horon kwana biyu aka yi mana, kuma abu ɗaya na riƙe: a wajen hukuma gida ba gini ba ne, tukunya ce. Duk masu ci daga tukunya ɗaya a rubuta su a takarda ɗaya, a sa lambar wayar maigida a sama. Da na iso gidan da nake haya, Kafinta, mai gidan, ya lissafo min kansa, da matarsa Maman 'Yan Biyu, da 'ya'yansu huɗu. Sannan ya nuna ƙanwar mahaifinsa da ke can bakin famfo tana wanki, ya ce, "Da Gwaggo. Tukunyarmu ɗaya." A watannin nan ba ƙarya ya yi ba, don kowa ya haɗa ɗan abin da yake da shi ana ci tare. Ban taka na tambaye ta ba. Na sa ta a layi na bakwai, na wuce gida na gaba.

Da aka buɗe gari Gwaggo ta koma aikinta na wanki da guga a wani otal. Ta koma kan ɗan murhunta na gawayi a ƙofar ɗakinta, tana dafa nata tana cin nata, har ta sammana wa yaran. Ni kuma na manta da takardar sarai.

Bara kasuwa ta sake mutuwa. Wannan karon ba cuta, ba takunkumi, kaya ne kawai suka yi tashin gwauron zabi, kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata. Makarantarmu ta rage mana albashi, ta mai da mu rabin wuni. Wata rana da hantsi ina shanya sai ga Gwaggo ta shigo da leda a hannu, takalmin robarta na aiki ya leƙo daga ciki.

Na ce, "Gwaggo, yau da wuri haka?"

Ta ce, "Sun ce in je in huta, Malama. Baƙi sun daina zuwa, zanin gado ya daina datti. Shekara goma sha tara ina ƙorafin dattin mutane, ashe dattin nan shi ne arzikina."

Ta yi dariya, ta tsaya ta gyara min shanyar, wai na rataye riga kamar wadda ke fushi da ita. Haka take. Ta haura sittin, hannayenta duk sun tsage saboda sabulu, amma ko tsumman goge ƙasa sai ta ninke shi. Tana da ciwon suga, kuma likita ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta sha ƙwayarta ta safe ba tare da ta sa wani abu a ciki ba.

Ba a jima ba hukuma ta yi sanarwa. Ta ce ta koyi darasi daga annoba: a wancan lokaci an ɓata wata uku ana rubuta sunaye mutane suna fama da yunwa, don haka yanzu ba za a tsaya sabon rubutu ba. Tsohuwar rajista za a ɗauko. Saƙo zai shiga wayar maigida duk wata, ya kai kanti ya karɓi shinkafa da wake da mai da sabulu gwargwadon yawan mutanensa. Wanda ba ya cikin rajista ya je ofis a sa shi. Har yaba abin na yi a ɗakin malamai, na ce a karon farko an yi amfani da ƙwaƙwalwa.

Gwaggo ta jira ta ga ko otal zai sake kiranta. Da wata ya wuce shiru, ta goge mayafinta, na raka ta ofishin tallafi. Mun yi awa uku a layi kafin mu kai taga. Ma'aikacin ya karɓi katinta ya daddanna kwamfuta, ya ɗago.

Ya ce, "Mama, ai kina karɓa."

"Ni?"

"Tun watan jiya. Ga ki nan, ta bakwai a gidanku. Har da kason tsofaffi, gwangwanin madara da ƙarin mai."

Ya juyo mana da allon. Hoton tsohuwar takardar ne, da rubutuna mai karkata hagu, da sa hannuna a ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ba ta iya karatu ba, amma ta ga fuskata, ta kuma gane.

Na ce da shi ita tukunyarta daban, a raba ta da su. Ya ce abu ne mai sauƙi, ya miƙo wata takarda: maigida ya sa hannu cewa ta fita daga tukunyarsa, a buɗe mata nata. Na ce in ya ƙi fa? Ya ce to sai a shigar da ƙorafi a turo mai bincike. Ya rage murya ya ƙara da cewa in aka tarar maigida yana karɓa da sunan wanda ba ya ciyarwa, za a dakatar da gidan gaba ɗaya har shekara guda. Wai wannan ma darasi ne daga annoba, don a lokacin an yi ta cuwa-cuwa.

A hanya Gwaggo ta ce, "Kada ki damu, Babana zai sa hannu. Bai sani ba ne." Babana take ce wa Kafinta, don sunan mahaifinta gare shi.

Mun same shi a rumfarsa ta ƙofar gida yana goge ƙafar wata kujera da ba wanda ya yi odarta. Shi ma aiki ya tsaya masa, wannan ba zan ɓoye ba. Ya karɓi takardar ya karanta har ƙasa, ya sake komawa sama, ya sosa ƙeya.

Ya ce, "Gwaggo, wa ya kai ki can? Ai da kin tambaye ni. Na so in gaya miki, abubuwa ne suka yi min yawa."

"To ga shi yanzu na tambaya, Babana. Sa min hannu."

"Ba sa hannun ne matsala ba. Ku ba ku san yadda tsarin yake ba. Gidan da ya kai mutum bakwai babban buhu ake ba shi. In ya sauko shida, ƙarami ne, kusan rabi. In na cire ki, ke ɗan ƙullin mutum ɗaya za su ba ki, mu kuma mu faɗi. Wa ya ci riba? Hukuma kawai."

Na ce, "Amma ita ba ta ga ko ƙwaya ɗaya ba."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Malama, wannan maganar cikin gida ce. Kuma in ban manta ba, ke kika rubuta." Ya juya wajenta ya sassauta murya. "Gwaggo, ke baƙuwa ce a gidan nan? Me zai sa ki riƙa wahalar hura gawayi da shekarunki? Ki zo ki ci da mu. Abin da muka ci shi za ki ci. Mutane su ji na cire uwata daga tukunyata, ina zan sa fuskata?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai duba. Gwaggo ta ce Allah ya yi albarka, ta shige.

Satin farko an yi abin kirki. Kwano na zuwa rana da yamma, har da murfi. Sati na biyu na rana ya fara makara. A na uku sai ya zama in an tuna. Gidan Kafinta ba sa ɗora tukunya da safe, yara su sha shayi su tafi makaranta, sai azahar ta gota ake sauke abinci. Gwaggo kuwa ƙwayarta ta safe ce. Sai ta zauna a bakin ƙofa da ƙwayar a tafin hannu tana jiran abin da za ta ɗora ta a kai. Madarar da aka rubuta da sunanta kuwa, a shayin yaran take ƙarewa. Ina ganin gwangwanayen a kwandon shara, da tambarin kason tsofaffi a jikinsu.

Na yi wa Maman 'Yan Biyu magana a bakin famfo. Ba muguwar mace ba ce a fuska, tana da fara'a, kuma bakinta ba ya rasa amsa.

Ta ce, "Wallahi Malama Gwaggo ce da wuyar sha'ani. In na zuba mata ta ce mai ya yi yawa, in na rage ta ce ba ɗanɗano. Kuma mai ciwon suga ai ba a son ya cika ciki, ke da kika yi boko kin fi ni sani."

"Madarar fa?"

"Ita da bakinta ta ce a ba yara."

Na tambayi Gwaggo. Ta ce, "Ƙaramar ce ta tsaya tana kallon gwangwanin. Me zan ce?"

Ta nemi wankau a unguwa, amma wanda ke neman na abinci ba ya ba da wanki. Ta sayar da dutsen gugarta na lantarki, ta sayi gawayi da ɗan gari da wake, ta koma hura murhunta da safe. Wannan ya riƙe ta kusan wata guda. Ni ma ina miƙa mata abin da ya samu, burodi yau, ƙwai gobe, amma rabin albashi ba ya ɗaukar mutum biyu, kuma Gwaggo ba ta iya karɓa hannu sake ba. Duk ranar da na ba ta wani abu, sai na dawo na tarar ta kwashe kayana daga igiya ta ninke su tsaf. In ba kayan ninkewa, sai ta ce ta ƙoshi.

Ta fara ramewa. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma yana zagaye ta har da saura. Hannunta ya fara rawa in ta ɗauki kofi. Wata safiya na same ta jingine da bango, gumi na keto mata, tana kallona ba ta gane ni ba. Na jiƙa sukari na ɗura mata, a hankali ta dawo. Abin da ta fara cewa shi ne kada in gaya wa Babana, yana da abin da ya dame shi.

A ranar raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga makaranta ban biyo gida ba, na wuce ofis na shigar da ƙorafi, ban yi shawara da kowa ba, har da ita. Na fito ina jin kaina kamar na gyara ɓarnar da na yi. Abin da ban yi tunani ba shi ne inda sanarwar binciken za ta je. Lamba ɗaya ce a kan takardar. Kwana huɗu kafin mai bincike ta zo, saƙo ya shiga wayar Kafinta, da rana da lokaci.

Bai yi faɗa ba, ko kallona bai yi ba. Washegari da safe ya fito da bokitin farin fenti. Bangon ƙofar Gwaggo ya yi baƙi da hayaƙin shekaru, ya bi shi ya shafe tas, har shafi biyu. Maman 'Yan Biyu ta zo ta ɗauke murhun, da tukwane biyu, da ludayi, da ɗan kwandon da Gwaggo ke kife kwanoninta, ta kai kicin ɗinta. Ta share tokar ta watsa ruwa a wurin. Gwaggo na zaune a kan tabarma tana kallonsu.

Da ya gama ya wanke hannu, ya zo ya tsuguna a gabanta. Tagar ɗakina a buɗe take, na ji komai.

Ya ce, "Gwaggo, ban ce ke kika kai ni ƙara ba. Na san masu zuga ki. Amma ki sani, in matar nan ta zo kika ce ba a nan kike ci ba, shekara guda za su rufe mu. Ni ba na jin kaina. Yaran nan huɗu nake ji. In kin ga za ki iya kallonsu suna kwana da yunwa, to ki faɗi duk abin da kike so."

 Gwaggo ta ce, "Na ji, Babana."

Da ya fita na same ta. Na ce ta faɗi gaskiya, ni zan tsaya mata, in ya so a kore ni daga gidan. Ta ce, "Malama, kin yi don Allah, na sani. Amma da kin tambaye ni." Sau biyu ke nan ina yanke hukunci a kan rayuwar matar nan ban tambaye ta ba.

Mai binciken ta zo ranar da aka ce, wajen sha biyu. Yarinya ce matashiya, da kwamfutar hannu, takalminta ya yi butu-butu, ta ce gidanmu ne na goma sha ɗaya tun safe. A ranar an sauke abinci da wuri. An shimfiɗa wa Gwaggo sabuwar tabarma a ƙofar kicin, an ɗora mata faranti a cinya, shinkafa da wake har da tsokar nama biyu, 'yan biyun suna zaune a gefenta. Rabon da in ga nama a gidan nan na manta.

Yarinyar ta leƙa kicin ta ƙirga murhu, ta leƙa ɗakin Gwaggo ba ta ga tukunya ba. Ta dubi farin bango, ta taɓa shi da yatsa, ta dubi yatsan. Ina jin ta gane. Ta zo ta durƙusa.

Ta ce, "Mama, sannu da hutawa. A ina kike cin abinci?"

Gwaggo ta dubi farantin, ta dubi yaran. "A nan nake ci, 'yata."

"Kullum?"

"Abin da suka ci shi nake ci."

"Madararki tana isowa gare ki?"

"Tana isowa gidan nan."

Yarinyar ta dubi cikin idonta, kamar tana ba ta dama. Kafinta na tsaye a bayanta ya harɗe hannu. Ta miƙe ta ce ana bukatar maƙwabci ya shaida. Duk gidan ni kaɗai ce ba dangi ba. Ta miƙo min kwamfutar ta ce in abin da Mama ta faɗa haka yake, in sa hannu da yatsa a nan. Ba ta san ni na kai ƙorafin ba. Na ɗaga ido, Gwaggo ta girgiza min kai a hankali, irin na roƙo. Ƙaramar 'yan biyun tana tsintar shinkafa daga farantinta. Na sa hannu. Ba zan ce tilasta ni aka yi ba. Na ji tsoron yunwar yaran, na kuma ji tsoron neman ɗakin haya a wannan tsadar, kuma har yau ban san wanne ya fi nauyi a hannuna ba.

Da yamma Gwaggo ta aika a karɓo mata murhunta. Maman 'Yan Biyu ta zo da kanta, da fara'arta.

Ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri tukuna. An ce suna dawowa ba sanarwa. In suka ga hayaƙi a bangon nan, kin ga mun zama maƙaryata, har da ke, har da Malama da ta sa hannu. Ki bari ƙura ta lafa."

Ƙura ba ta lafa ba. Kafin ƙorafina Gwaggo na da murhun da take ɗumama ɗan abin da ta samu da safe. Bayan ƙorafina ko ruwan zafi sai ta roƙa. Na ce ta riƙa amfani da risho ɗina, ta yi kwana biyu ta daina, wai kananzir ɗina take ƙonawa. Kwanon gidan ya dawo da zuwa na 'yan kwanaki, sannan ya koma halinsa. In na yi magana Kafinta ya ce shi ba ya shiga harkar kicin. Matarsa ta ce ita abin da aka ba ta take rabawa, kuma buhun ba ya kai ƙarshen wata. Kowannensu yana da gaskiyarsa, an rasa mai laifi, tsohuwa kuwa tana ƙarewa a gaban idonmu.

Ta fara tsallake ƙwayar, ta sha yau ta bar gobe, gwargwadon abin da ta samu ta ci. Ƙafafunta suka kumbura. Ta daina tsokanata a kan shanya. Wata rana na dawo na tarar kayana suna kan igiya yadda na bar su, gabana ya faɗi.

Ranar da ta faɗi ina aji. A bakin famfo aka same ta, bokiti na ta ambaliya. Da na isa asibiti an sa mata ruwa, idonta a rufe. Likitan, wani dattijo mai gajeren haƙuri, yana tambayar Kafinta ko tana cin abinci kafin ta sha magani.

Kafinta ya ce, "Likita, tukunyarmu ɗaya da ita."

Likita ya ɗaga hannunta, wanda ya koma kamar sanda, ya dubi Kafinta daga sama har ƙasa, ya ajiye hannun a hankali. 

Kwana biyu ta yi. A rana ta biyu ta farfaɗo kaɗan, ta gane ni. Ta tambaya ko an kashe famfon. Na ce an kashe. Da la'asar ta cika.

Kafinta ya yi kuka, kuma ban ce na ƙarya ne ba. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna yaba masa, wai ya riƙe gwaggonsa har ƙarshe, a wannan zamani da ɗa ke gudun uwarsa. Yana sunkuyar da kai yana cewa ai dole ne.

Bayan mako guda ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Takardar shaidar rasuwa tana hannuna, don ni na tsaya a asibiti aka rubuta. Ya gaishe ni da ladabin da bai taɓa yi min ba.

Ya ce, "Malama, maganar takardar nan. Kada a yi gaggawar kai ta ofis. A bari wata biyu ko uku, abubuwa su ɗan daidaita. Ita ma da tana da rai abin da za ta ce ke nan, kin san yadda take son yaran nan."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, wataƙila gaskiya ya faɗa. Da za a tashe ta a tambaye ta, cewa za ta yi a bar wa yara. Da wannan halin nata aka cinye ta tana raye, yanzu kuma ana so a ci gaba da cin ta a kabari. Na ce masa na ji.

A makon ne aka kira mu tsofaffin masu rajista taro, wai a ji ra'ayinmu kan darussan da aka koya, don a shirya wa matsin da zai zo nan gaba. Wani mai kwat ya nuna zane a bango, ya ce a annoba wata uku aka yi kafin tallafi ya isa, wannan karon kwana goma sha huɗu, kuma ya isa ga tara cikin goma na mabukata. Aka tafa. Gwaggo tana cikin taran nan. A lissafinsu ba ta taɓa fashin wata ba, har madara ta sha. Na ɗaga hannu na ce saurin yana da kyau, ban raina shi ba, na ga gidajen da ya ceta. Amma buhu a ƙofar gida yake tsayawa, hukuma ba ta bin sa ciki ta ga wa aka zuba wa. Na ce takardar da aka rubuta a shekarar da tsoro ya haɗa mutane a tukunya ɗaya ba za ta faɗi yadda suke ci yau ba. Na ce wanda ake ƙara bai kamata shi za a fara gaya wa ranar bincike ba, kuma muddin hukuncin uba a cikin 'ya'yansa zai sauka, ba tsohuwar da za ta buɗe baki. Mai kwat ya ce wannan muhimmin batu ne, za a duba. Aka raba mana lemo.

Daga wurin taron na wuce ofishin tallafi da takardar a jakata. Ma'aikacin nan na taga ne dai. Na miƙa masa, na tambaya ko wannan ma sai maigida ya sa hannu.

Ya ce, "A'a, wannan ba ta bukata. Allah ya jiƙanta."

Ya danna sau biyu, ya ce an cire ta. Ko minti ɗaya bai cika ba. Wata biyar tana neman a raba sunanta da tukunyar nan.

Kafin in iso gida saƙo ya riga ni. Kafinta na tsaye a ƙofar rumfarsa da waya a hannu, yaran suna wasa a bayansa cikin ɓawon katako. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Malama, me yaran nan suka yi miki?"

Ba su yi min komai ba. Daga watan gobe ƙaramin buhu za su karɓa, kuma ni na jawo. Na tsaya ina kallonsa, ina jira ko sau ɗaya ya ambaci sunanta, ya ce ita me ta yi mana. Bai ambata ba. Ya ce in fara neman ɗaki.